Ginin asibiti ko mai kwana a cikinsa: me za mu tambayi ɗan majalisarmu?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. An turo mana takardar ayyukan Honorabul ta rabin zango, na kuma karanta ta tsaf. Akwai asibitocin sha-ka-tafi, akwai rabon babura da kekunan ɗinki, akwai ƙudurorin gaggawa kan tsaro da ya gabatar a zauren majalisa. Asibitin da aka gina a mazaɓarmu kowa ya gan shi: fenti sabo, sola a kan rufi, allo mai hotonsa ya kusa kai girman ƙofar. Amma da an yi la'asar an garƙame, Asabar da Lahadi kuwa ko buɗewa ba a yi. Naƙuda ba ta san wannan tsari ba. Tambayata ita ce: a lissafin nasara za mu sa wannan aiki ko a ina? In kuma akwai laifi, na wa ne? Don Allah ba zagi nake nema ba.

Hadimin Honorabul:
Wa alaikumus salam Malam. Ka yi tambaya da ladabi, zan amsa da ladabi. Ɗan majalisar tarayya ba ya ɗaukar ma'aikacin lafiya, ba ya biyansa albashi, ba ya tura shi wurin aiki. Asibitin matakin farko na jiha ne da ƙaramar hukuma. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya sa aiki a kasafin tarayya, ya bi shi har a yi, kuma ya yi. Kafin zuwansa wa ya aza ko bulo ɗaya a garin nan? In an kulle ƙofa da la'asar, a tambayi ciyaman da hukumar lafiya ta jiha.

Ɗalibin Lauya:
Yaya Hadimi, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa shi ne matsalar. Tsarin mulkin 1999 bai ce ɗan majalisa ya gina asibiti ba. Aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda aka kashe, sashe na 88 da na 89 ma sun ba majalisa ikon kiran duk wani jami'i ya zo ya yi bayani. Ayyukan mazaɓu al'ada ce da ta samo asali a zamanin Obasanjo, shekaru da dama ana ware musu naira biliyan 100 a kowace shekara tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360. A 2019 marigayi Buhari da bakinsa ya ce an ware kusan tiriliyan ɗaya cikin shekara goma, talaka bai ga tasirinsu ba. A shekarar ce hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka.

Ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin ba a hannun ɗan majalisa ake danƙa su ba, a cikin kasafin wata hukumar tarayya ake cusa aikin, wani lokaci hukumar da babu abin da ya haɗa ta da lafiya. Hukumar ta ba da kwangila, ɗan kwangila ya gina, a yanke ƙyalle, kowa ya kama gabansa. Jihar da za ta kawo ma'aikata da magani ba a zauna da ita ba tun farko, don haka ginin ba ya cikin lissafinta. To wanda ya zaɓi wurin, ya zaɓi aikin, bai isa ya ce shi gini kawai ya sani ba.

Hadimin Honorabul:
Karatu daban, siyasa daban, ƙanena. Ka je ka tsaya takara da "sa ido" mu ga ƙuri'a nawa za ka samu.

Ungozoma Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku ɗan ba ni fili, don a irin waɗannan ɗakuna na tsufa.

Abin da ke kashe matanmu a ƙauye ba ɓoyayye ba ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, sai zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa in ba a yi tsabta ba. Maganin yawancinsu ba mai tsada ba ne. Allurar tsayar da jini, oksitosin, tana son firji, in ta sha zafi ƙarfinta yana raguwa, sai ki yi wa mace allura jini bai tsaya ba. Akwai ƙwayar misoprostol da ba ta buƙatar firji. Jijjiga kuwa allurar magnesium ce maganinta, amma sai hannun da ya koya, don kuskuren awo yana da haɗari. Duk waɗannan kwali ɗaya zai ɗauke su. Abin da ba ya shiga kwali shi ne mutumin da zai kasance a wurin ƙarfe biyu na dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne, kuma kowa ya san yankin da ya fi ɗaukar kason.

An taɓa gwada gyara. A 2009, lokacin Farfesa Pate yana shugabantar hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, aka fito da shirin tura ungozomomi karkara, har da mu masu ritaya aka kira. Tsarin shi ne tarayya ta ba da nata kason alawus, jiha ta ba da nata, ƙaramar hukuma ta ƙara ta kuma ba da masauki. A wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma ya riƙa makalewa, masaukin kuma ɗakin ajiya ne aka share. Ungozomomin suka tattara nasu ya nasu. Wannan fa tun kafin ɓarayin daji su yi ƙarfi ke nan.

Yanzu an ƙara mana wani abin. Mutanen daji suna neman malamin asibiti ido rufe, don suna da masu rauni da matansu masu ciki. Ma'aikaci ya san in ya kwana a asibitin da ke bakin gari, babu katanga, babu mai gadi, shi ne na farko da za a ɗauka. Wallahi ba zan ga laifin yarinyar da ta kulle ƙofa da la'asar ta hau babur ta koma birni ba. 'Yar wani ce ita ma.

Shawarata ɗaya ce, na kuma sha faɗa. Wanda zai kwana a gari shi ne ɗan garin. Tun 2014 akwai manufar gwamnati da ta yarda a horar da ma'aikatan lafiyar al'umma su karɓi haihuwa. Da kuɗin babura Honorabul ya ɗauki nauyin 'yan matan kowace mazaɓa zuwa makarantar koyon aikin lafiya ko ta ungozoma, ya kuma zauna da gwamna a yi alkawarin ɗaukarsu aiki a garuruwansu, da shekara uku mun ga bambanci. Yarinyar da gidan ubanta ko na mijinta ke bayan asibitin ba ta buƙatar masauki, kuma in an ƙwanƙwasa mata ƙofa da dare, muryar da ta sani ce.

Malamin Firamare:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Sai dai ki sani, 'yan matan da suka gama sakandare da sakamakon kimiyya a ƙauyukanmu ba su da yawa. Makarantun kwana da dama an rufe su ko an kwashe ɗalibai bayan sace 'yan makarantar da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, iyaye da yawa kuma ba su mayar da yaran ba.

Ungozoma Mai Ritaya:
Na sani Malam. Ko biyu ce a mazaɓa, a fara da su.

Manomin Bakin Daji:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ke rubuta mini. Takardar ta ce Honorabul ya kai kukanmu majalisa. Mun gani a waya. Ya tashi ya karanta sunayen garuruwa, aka miƙe aka yi shiru na minti ɗaya, aka ce an yi kira ga sojoji. Mu kuma da kaka sai da muka haɗa kuɗi muka kai daji kafin a bar mu mu yanke gero. Wannan kiran wa yake jin sa?

Kuma ku masu ilimi ku riƙa haɗa maganar asibiti da ta hanya. A 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita hawa babur, an ce don a matse ɓarayi ne. Su sun samu mansu ta wata hanya. Mu ne mace za ta kwana tana naƙuda, ba wayar kiran mota, ba man babur, sai amalanken shanu in gari ya waye. Ba wanda ya tambayi ungozoma ko mai gari kafin a yanke wannan hukunci.

Ɗalibin Lauya:
Baba, ka taɓo wurin. Ƙudurin gaggawa shawara ce, ba doka ba ce, ɓangaren zartarwa yana iya yin biris da shi babu abin da zai faru. Sojoji da 'yan sanda a ƙarƙashin shugaban ƙasa suke. Ƙarfin majalisa yana wurin kuɗi: ita ke amincewa da kasafin tsaro, kwamitocinta na iya neman a kawo lissafi. Don haka ni abin da zan so ji shi ne wane kwamiti Honorabul yake ciki, ya taɓa yin tambayar da ta sa wani jami'i gumi? Sai kuma dokokin da ya goyi baya. A 2022 Majalisar Dattawa ta amince da wani gyara da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Ku duba fa, mutumin da ya sayar da gona ya karɓo 'yarsa shi ne za a ɗaure. Irin wannan ne ake so wakilin bakin daji ya tashi ya ce ba a san halin da muke ciki ba.

Babbar maganar kuma ita ce 'yan sandan jihohi. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Gyara shi sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. A Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni sun amince a duba batun. Mene ne matsayin wakilinmu? Ban taɓa ji ba.

Tsohon Kansila:
Ɗana, ka bi a hankali da 'yan sandan jiha. Gwamnan da ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗaka shekara da shekaru, ya naɗa kantomomi yadda ya ga dama, shi za ka miƙa wa bindiga? Na yi kansila, na san yadda ake sa hannu a takardar kuɗin da ido bai gani ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Ku je sakatariya ku tambaya ko ciyaman yana iya ɗaukar mai gadin asibiti ba tare da ya waiwayi gidan gwamnati ba.

Amma ba wannan ya sa na shigo ba. Akwai abin da duk ba ku ambata ba, kuma shi ne aikin majalisa da ya fi duk wani gini amfani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Jonathan ya sa wa hannu, ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Rabi na inshorar talakawa ne, kashi 20 magani da rigakafi, 15 gyaran gini da kayan aiki da sufuri, 10 ma'aikata, 5 agajin gaggawa. Dokar ta zauna a takarda har 2018, sai da majalisa ta sa kusan biliyan 55 a kasafi sannan aka fara. Wani kaso na kuɗin yana shiga asusun bankin asibitin kai tsaye duk wata uku, kuma shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa yana cikin masu sa hannu. To amma ba kowane asibiti ba, an fara ne da guda ɗaya a kowace mazaɓar kansila, wanda aka tantance. Gwamnati ta ce za ta ninka adadin zuwa sama da 17,000 nan da 2027.

Saboda haka Hadimi, amsa mini wannan: sabon asibitin yana cikin jerin masu karɓar kuɗin asusun nan? In tsohon asibitin cikin gari ne ke cikin jerin, wanda rufinsa ke yoyo, me ya hana a gyara shi maimakon a kafa sabo a bakin gari?

Hadimin Honorabul:
Ranka ya daɗe Kansila, zan bincika in dawo da amsa. Fili kuwa mai gari ne ya bayar.

Matashi Mai Zafi:
Gyaran tsohon gini ba ya ɗaukar allo mai hoto, shi ya hana. Mu daina kwana-kwana. Shehu Sani ya faɗa a 2018 cewa sanata na karɓar miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, Kawu Sumaila ya ce a 2024 abin ya kai miliyan 21. A 2023 ana tsakiyar kukan cire tallafin mai suka sayi manyan motoci. Sanata Abdul Ningi ya yi maganar cushe a kasafin 2024, suka dakatar da shi. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa kashi 15 na kasafi zai tafi lafiya, mu da muka karɓi baƙuncin taron ko rabi ba ma kaiwa. Su wa ke amincewa da kasafin? A yi masa kiranye kawai!

Ɗalibin Lauya:
Kiranye sai sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada kan Sanata Dino Melaye, a 2018 abin ya mutu a wurin tantancewa. Mu da rabin ƙauyukanmu suka yi gudun hijira, ina za ka tara su?

'Yar Kasuwa:
Ni fa zan faɗi abin da ba a so. Duk ranar da Honorabul ya shigo gari, ku je ƙofar gidansa da asuba. Wannan takardar asibiti, wannan suna, wannan gudummawar kuɗin fansa, wannan kuɗin makaranta. Ba mai tambayarsa wace doka ya kawo. Wanda ya yi doka mai kyau bai raba ko sisi ba sunansa marowaci, faɗuwa zai yi. Mu muka koya musu abin da muke saye, suka kawo shi kasuwa.

Hadimin Honorabul:
Allah ya yi miki albarka Hajiya. Takardun asibitin da muke biya a wata ni kaɗai na san yawansu.

Ungozoma Mai Ritaya:
Ɗana, kada ka yi saurin murna. Matar da ta zo ƙofarku da takardar ƙarin jini ba kwaɗayi ya kawo ta ba, rashin tsari ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi. Mutum nawa ofishinku ya taimaka aka yi wa rajista? In an yi wa mace rajista ba sai ta durƙusa wa kowa ba, ina jin shi ya sa abin ba ya burge 'yan siyasa.

Ɗan Ruga:
Salamu alaikum. Ina karantawa ban ga wanda ya tuna da mu ba. Mu da ba mu ɗauki bindiga ba, ɓarayi sun kwashe mana shanu, in mun shigo gari kuma 'yan sa-kai su tare mu. Matanmu sun daina zuwa awo, yaranmu ba sa samun rigakafi, ƙyanda kuwa ba ta tambayar ƙabila. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Ba na ƙin su, gara mai kaki da ke da shugaba a kan wanda ba ya jin maganar kowa. Amma wanda aka zalunta, wurin wa zai kai ƙara? Wannan ma aikin masu yin doka ne.

Manomin Bakin Daji:
Gaskiya ne an zalunci wasunku. Amma ku ma ku riƙa faɗin inda suke kwana.

Ɗan Ruga:
Baba, wanda ya faɗa shi ake fara yankawa. Kuma masu kai musu mai da burodi da labari a cikin gari suke zaune.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, maganar sulhu da 'yan sa-kai mun yi ta a makon jiya har aka cire mutane. A tsaya kan asibiti da wakilci.

Baƙo Daga Maraɗi:
Ina gaishe ku 'yan uwa. Mu nan Nijar tun wajen 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne. An samu sauƙi sosai, sai dai gwamnati kan yi jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, magani ya yanke, a rubuta maka takarda ka je ka saya. Duk da haka matanku na kan iyaka suna kawo yara masu tamowa Ɗan Isa da Madarunfa inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna zaune a jiharmu. Mu tun juyin mulkin Yulin 2023 ba mu da zaɓaɓɓen ɗan majalisa. Ku da kuke da wanda za ku tsare da tambaya, ku tsare shi.

Malamin Firamare:
Mun gode ɗan uwa. Ni dai na ɗan samu haske. Ginin ba laifi ba ne, amma bai kamata a rubuta shi a matsayin aikin da aka kammala ba tunda ba a haihu a cikinsa da dare. Ina ba da shawara in ya zo hutun majalisa mu nemi zama da shi, mu tambaye shi maganar jerin asusun da Kansila ya kawo, da ɗaukar nauyin 'yan matan, da matsayinsa kan 'yan sandan jiha.

Tsohon Kansila:
A gayyato shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha su zauna kusa da shi. In ba haka ba kowa zai tura laifi ga wanda ba ya nan. Ɗalibi, ka duba shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT, mai bin diddigin ayyukan kasafi, ka samo mana sunan hukumar da aka sa aikin a kasafinta da adadin kuɗin, kada mu je da baki kawai.

Matashi Mai Zafi:
Zai zo da buhunan shinkafa, ku manta da tambayoyin. Mu zuba ido.

Hadimin Honorabul:
Na isar wa mai gida. Ya ce zama ba matsala, amma a sakatariya za a yi saboda jami'an tsaro ba za su bari ya shiga mazaɓar ba. Maganar 'yan mata kuma ya ce a kawo sunaye da sakamakon jarrabawa, zai duba.

Ungozoma Mai Ritaya:
"Zai duba" ba amsa ba ce, amma Malam ka fara tattara sunayen, har da na matan aure da suka gama sakandare in mazajensu sun yarda. Zaman kuma a yi shi da hantsi, a ba mata wurin zama a gaba, ba a bayan rumfa ba.

Manomin Bakin Daji:
In a sakatariya ne a sa shi ranar kasuwa, ranar ce kaɗai motoci ke fita a jere da rakiyar jami'ai. Kuma Hadimi, ba ka dawo wa Kansila da amsar jerin ba.